Yadda nake wanke filtar yashi a tafkin kifin bayan gidana

Tulun da ke tace ruwan kifina ba don kifi aka ƙera shi ba. Na wurin ninƙaya ne, irin wanda ake girkawa a bayan manyan otal-otal. Na hannu na saya wajen wani mai aikin famfo a Kaduna, aka ɗoro mini shi a motar haya har Birnin Kebbi. Tafkin nawa na siminti ne, tsawonsa mita 4, faɗi mita 3, zurfi mita 1, wato lita 12,000 ke nan in ya cika maƙil. Gargaza ce ta fi yawa a ciki, sai 'yan tarwada da na zuba don su riƙa rage mini 'ya'yanta, saboda in an ƙyale gargaza haihuwa take yi ba ƙaƙƙautawa.

Ranar da kawuna ya zo daga Argungu ya ga tulun, sai da ya zagaya shi sau biyu. Mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa yana faɗawa Matan Fada da homa da gora. Ya ce, "Ɗana, kihin da ka kwana cikin laka, shi za ka tace ma ruwa?" Na ce, "Kawu, gulbi tafiya yake yi, kowace damina kuma ambaliya na wanke shi. Nawa ruwan ba shi da inda za shi." Kashin kifi, da abincin da ya rage, da ganyen da iska ta kaɗo, duk nan suke zama sai in wani abu ya fitar da su. Bai gamsu ba, amma dai ya ci gasasshiyar gargaza a daren.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin irin wannan tulu ba, yashi ne a ciki, ya kai rabi ko ya ɗan haura. Injin famfo na jawo ruwa daga tafki ya turo shi ta sama, ruwan ya ratsa yashin ya gangara, dauɗa ta maƙale a hanya. A gindin tulun akwai wasu 'yan bututun roba masu tsaga-tsaga, a baje kamar yatsun hannu, su ne ke karɓar tataccen ruwa su hana yashi wucewa. Yatsu zan riƙa kiran su. A saman tulun kuma akwai kai mai mariƙi ɗaya da ake dannawa a juya, da rubutun Turanci kewaye da shi, sai ɗan agogo mai allura da ke nuna ƙarfin matsin ruwa. Da na ga uwargida da yara za su riƙa taɓa shi in ba na gida, sai na samo fenti na rubuta Hausa kusa da kowane rubutu. Inda masu famfo ke cewa filta na sa Tacewa. Bakwosh na sa Wanki, rins na sa Ɗauraya, wes na sa Zubarwa, risakulet na sa Zagaye, kulos kuma Rufe. Da waɗannan sunaye zan yi bayani.

Akwai abin da na yi kusan shekara ban gane ba, kuma duk sauran bayanin nan a kansa ya rataya. A wurin ninƙaya kulorin ake zubawa, yana kashe duk wani abu mai rai a ruwan, aikin yashi kawai ya tare ƙura da gashi. A tafkin kifi babu kulorin. Bayan 'yan makonni za ka ji yashin ya yi santsi, kowace ƙwaya ta yi yauƙi. Wannan yauƙin ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani. Kifi na fitar da amoniya a numfashinsa da kashinsa, ita kuwa guba ce gare shi, kuma dafinta na ƙaruwa in ruwa ya yi zafi, abin da mu a nan ba ma rasawa. Ƙwayoyin nan ne ke mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda kifi ke jure masa sosai. Kafin su kafu a sabon yashi sai an yi makonni 4 zuwa 6. Saboda haka tulun yana aikin rariya, yana kuma zaman gidan waɗannan halittu. In za ka wanke shi, dauɗa kake so ta fita, masu gida su zauna. Matsalar ita ce yauƙin nan shi ne kuma ke haɗe yashi da kashin kifi su cure, har tulun ya toshe cikin kwana biyu ko uku. Wanda ya sayar mini ya ce in riƙa wankewa duk mako biyu. Ba ƙarya ya yi ba, lissafin otal ya ba ni.

Agogon nan shi ne bakin tulun, da shi yake gaya maka halin da yake ciki. Ranar da ka yi masa wanki mai kyau, ka duba inda allura ta tsaya ka yi alama. Tawa a kan 10 take tsayawa, na ɗiga jan fenti a wurin. Ƙa'idar masu wurin ninƙaya ita ce a wanke in allura ta hau da 8 zuwa 10 sama da wannan alamar. Ni ba na jira ta kai can. Da ta taɓa 14 ko 15 nake wankewa, don kafin ta kai 20 ruwan da ke komawa tafki ya zama kamar na bakin buta, yashin kuma ya riga ya cure. Da bazara, lokacin da kifi ke ci kamar ba gobe, duk kwana biyu ne. Da hunturu nakan kai kwana huɗu ko biyar. In kuwa allura ta sauka ƙasa da alamar, kada ka zargi yashi. Ruwa ne ba ya isowa injin: ko kwandon famfo ya cika, ko ragar bakin bututun da ke cikin tafki ta toshe, ko injin na shan iska ta wani wuri. In ka kashe inji allura ba ta koma sifili ba, agogon ya mutu, sai a sayi wani. Ba shi da tsada.

Da kwandon nake farawa kullum. Shi ne wanda ke ƙarƙashin murfin nan mai kama da gilashi a gaban injin. Ka kashe wuta daga soket, ba daga makunnin jikin inji kaɗai ba, domin da jiƙaƙƙen hannu za ka yi aikin. In injinka na ƙasa da saman ruwan tafki, ka rufe bawul ɗin bututun da ke kawo ruwa, in ba haka ba kana buɗe murfi tafkin zai biyo ka. Ka ciro kwandon ka kakkaɓe. Nawa ganyen dalbejiyar maƙwabcina ne ke cika shi, har sai da na shimfiɗa raga a saman tafkin. Ka duba zoben robar da ke bakin murfin, ka goge ƙasar da ke jikinsa, ka shafa masa man silikon kaɗan. Kada ka sa basilin, yana kumbura roba ya lalata ta. Ka cika gidan kwandon da ruwa kafin ka rufe, don injin da ya juya a bushe yana ƙone abin da ke tare ruwa a jikin sandarsa, daga nan sai yoyo. Da hannu ake ɗaure murfin, ba da sifana ba. In ka kunna ka ga kumfar iska na ta yawo ƙarƙashin murfin ba ta ƙarewa, zoben nan ne bai zauna ba.

Sai wankin kansa. Inji a kashe, ka danna mariƙin ƙasa sosai, ka juya shi zuwa Wanki, ka tabbatar ya faɗa gurbinsa. Kada ka kuskura ka juya shi inji na aiki. A cikin kan akwai wata roba mai rassa kamar ƙafafun gizo-gizo, ita ke raba hanyoyin ruwa, kuma juyi ɗaya cikin matsi ya isa ya yage ta. Babban ɗana ya yi mini haka sau ɗaya don sauri, muka wayi gari ruwa na tsiyaya ta bututun zubarwa alhali mariƙi na kan Tacewa, tafki ya ragu da kusan taƙi guda. Ka kuma riƙa juya shi ta gefe ɗaya kullum, ni ta hannun dama nake bi. Ka buɗe hanyar zubarwa, ka kunna inji. Yanzu ruwa ta ƙasa yake shiga, ya ɗaga yashin sama ya girgiza shi, dauɗar ta fita waje. Akwai 'yar kwalba a gefen kan, ta nan za ka ga ruwan: da farko fari, sai ya rikiɗe ya yi baƙi-baƙi ko kore shar, sannan ya fara washewa. Minti 2 zuwa 3 ya kan isa. Wata dabara da na koya da kaina ita ce in raba wankin: minti ɗaya in kashe, in bar yashi ya kwanta, in sake kunnawa, har sau uku. Duk tashin da injin ya yi yana fasa curin da wanki ɗaya mai tsawo ba ya fasawa, za ka ga kwalbar ta sake yin baƙi bayan ka ɗauka ta gama.

Daga nan ka kashe, ka juya zuwa Ɗauraya, ka kunna na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Mutane na raina wannan, sai su tsallake. Ɗauraya ce ke kwantar da yashi ta kore guntun dauɗar da ta rage a gindi. Wanda ya tsallake ta zai ga gajimaren datti ya feso cikin tafki yana komawa Tacewa. Ka kashe, ka mayar Tacewa, ka kunna, ka buɗe ɗan makunnin sakin iska in tulunka na da shi har ruwa ya fara fitowa, sannan ka dubi allura ko ta koma kan jan fenti.

Abin da ya sa wannan wankin ba ya kashe ƙwayoyin shi ne da ruwan tafkin ake yin sa. Amma yana cin ruwa. Injina na tura kusan lita 100 a minti, don haka wanki da ɗauraya na tafiya da wajen lita 400. Ba asara ba ce. Na farko dai canjin ruwa ne, wanda kifi ke buƙata ko da filta, domin naitiret ba ya fita sai an zubar da ruwa. Na biyu, na ja tiyo zuwa gindin zogale da ayaba da fangalin alayyafon uwargida, kuma ita ce yanzu ke tuna mini ranar wanki. Wajen cike gurbin ne ake kuskure. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, amma iskar shaƙa ta yi ƙaranci a cikinsa, sai ka sake shi daga sama ya riƙa faɗowa yana fantsama. In na famfon gwamnati ne, ka tara shi a buɗaɗɗen tanki ya kwana ɗaya ko biyu kafin ya shiga wurin kifi.

Yanzu ga abin da ya fi komai cin mutane a garuruwanmu, wanda ba za ka gan shi a takardar da ke zuwa da tulun ba, domin waɗanda suka rubuta ta ba su san ɗauke wuta ba. Ƙwayoyin da ke cikin yashi da iskar da ruwa ke kawo musu suke rayuwa. In inji ya tsaya, tulun rufaffe ne, ga dauɗa, ga zafi. Cikin 'yan awoyi iskar ta ƙare, abin da ke ciki ya fara ruɓa, ruwan ya yi wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan warin iska ce mai guba, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya kashe kifi. A wani watan Afrilu aka ɗauke mana wuta tun bayan sallar isha'i, ba a dawo da ita ba sai bayan azahar, ina wurin aiki. Injin na kunne a soket, wuta na dawowa ya tashi da kansa ya juye duk abin da ya kwana a tulun cikin tafki. Uwargida ta kira ni ta ce, "Malam, ka zo gida, kifinka na ta juyawa." Kafin magariba mun kwashe gargaza 37, manya, waɗanda nake ta lissafin za su kai salla. Tarwada ko ɗaya ba ta mutu ba, don ita tana iya hawowa ta shaƙi iskar sama.

Tun daga ranar doka ɗaya ce a gidan, har ƙaramar 'yata ta haddace ta: an ɗauke wuta, a kashe soket ɗin kifi. In wuta ta dawo kafin awa biyu, a kunna kawai. In ta wuce haka, sai an yi Wanki da Ɗauraya tukuna, a kuma tara hannu a bututun zubarwa a sansana. In da sauran wari a maimaita. In ba ka da lokacin wanki a take, ka sa mariƙi a Zagaye: ruwa zai riƙa fita yana komawa tafki ba tare da ya bi ta yashi ba, kifi ya samu motsin ruwa, tulun ya jira ka. Nan ne kuma nake sawa in na zuba wa kifi magani, don kada maganin ya kashe ƙwayoyin. Daga baya na haɗa ɗan injin hura iska da batirin sola, shi ke riƙe kifin da dare in babu wuta. Ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar na sanyi, shi ya sa da bazara za ka ga gargaza ta taso sama da asuba tana buɗe baki. Inuwa ma na taimakawa. Na yi wa tulun da injin rumfar zana, domin ranar Kebbi na gasa roba har ta yi fari ta fara tsagewa.

Zubarwa kuwa sai in zan rage ruwa da yawa ko zan zuƙe lakar gindin tafki, don ta wuce waje kai tsaye ba ta shiga yashi ba. Rufe ba a kunna inji a kansa, ko da wasa.

Komai yawan wankinka, wata rana za ka ga abin mamaki: allura na kan alama lafiya lau, amma ruwa ya ƙi washewa. Yashin ne ya daskare kamar taɓon fadama da rani, ruwa ya fasa wa kansa hanya ta gefe yana wucewa ba tacewa. Shi ya sa duk wata biyu ko uku nake buɗe tulun. Na kashe wuta, na saki iska har allura ta koma sifili, na kwance bututu da maɗaurin wuya, na ɗaga kan a hankali ina murzawa don kada bututun tsakiya, wanda ya taso daga yatsun zuwa kan, ya biyo shi. In ya biyo, yatsun sun tashi daga mazauninsu, kuma ba sa komawa sai an kwashe yashi duka. Na toshe bakin bututun da leda, na cusa tiyo cikin yashin da ruwan burtsatse a buɗe kaɗan, ina tura shi ƙasa sannu a hankali, ruwa na cikowa yana malala ta baki da dauɗa. Curin da na ci karo da shi da hannu nake murje shi. Ban da sanda, ban da rodi, domin yatsun nan roba ce, ɗaya ya tsage za ka riƙa ganin yashi na taruwa a ƙarƙashin inda ruwa ke komawa tafki. Aikin na cin awa guda, warinsa kuma sai ka yi wanka sau biyu. In na gama na rufe, sai Wanki da Ɗauraya, sannan in rage wa kifi abinci zuwa rabi na kwana uku ko huɗu, don ƙwayoyin sun ragu.

A wurin ninƙaya yashi kan yi shekara 3 zuwa 5. Nawa bai taɓa haura shekara ɗaya da rabi ba. In za ka canza, akwai ɗan murfi a gindin tulun, ka buɗe ruwa ya tsiyaye, ka kwashe yashin da kofin roba, ka duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka zuba sabo ka cika tulun da ruwa zuwa rabi, don nauyin yashi kada ya faɗa kan yatsun ya karya su, bututun tsakiya kuma a toshe, a tsaye daidai tsakiya. Yawan yashin na rubuce a jikin tulu, nawa buhu huɗu ne masu kilo 25. Kada ka ƙara don neman tacewa mai kyau, sararin da ke sama shi ne inda yashi ke tashi lokacin wanki. Nakan ajiye bokiti guda na tsohon yashin, in ɗauraye shi da ruwan tafki, in zuba a saman sabon, kamar yadda mai nono ke barin ɗan tsohon a ƙwarya don sabo ya kama. Duk da haka makonnin farko sai an lura: abinci kaɗan, a canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwa duk 'yan kwanaki, in kuma kana da kwalaben gwajin amoniya da naitirait, lokacin amfaninsu ke nan.

Yashin filta na musamman ne, ƙwayarsa kusan rabin milimita, duk girma ɗaya. Na san abin da ɗan Kebbi zai ce, ga yashi nan a gulbi kyauta. Na gwada. Mai laushin ya bi ta tsagar yatsu ya shimfiɗu a gindin tafki, lakar da ke haɗe da shi kuma ta daskarar da sauran cikin mako biyu. In dole ce ta sa, a tankaɗe shi sau biyu, a zubar da mai laushi da manyan tsakuwa, a wanke har ruwa ya fita fari tas. Wasu masu kiwo na cire yashin gaba ɗaya su zuba 'yan ƙwallayen roba da ake yi don tafkin kifi. Ba sa toshewa da wuri, amma ba sa kama ƙura mai laushi kamar yashi, mu kuwa da hunturu ƙurar ce ke rufe ruwa.

Abin da ya fi rage mini wahala bai kai kuɗin buhun yashi biyu ba. Shuɗin duro ne na roba na girka a gefen tafki, bakinsa ya ɗan ɗara saman ruwa. Bututu daga gindin tafki na shiga ta ƙasansa, na cusa tsohuwar ragar kamun kifi da kawu ya aiko mini a ciki, injin kuma na jan ruwa daga sama. Kashi mai nauyi na kwanciya a gindin duron, ragar ta tare saura, abin da ke isa yashi kaɗan ne. Duk safiya in buɗe bawul ɗin gindinsa na daƙiƙa goma, baƙin ruwa ya tafi gindin ayaba. Ragar kuma duk mako nake jijjiga ta a baho da ruwan tafki. Kafin duron, da bazara kullum sai na yi wanki.

Wanda tasa filtar mai farin kwali ce mai ninki-ninki, ba ta yashi ba, ita ciro ta ake yi a fesa mata ruwa tsakanin ninkin daga sama zuwa ƙasa. A tafkin kifi tana toshewa kusan kullum, sai ka sayi biyu kana musanyawa. Ban ga ribarta ba.

Masu sayar da kayan wurin ninƙaya za su nuna maka ƙwayar kulorin, da maganin gansakuka, da ruwan wanke yashi. Ko ɗaya kada ya shiga gidanka da sunan kifi. Maganin gansakuka da yawa akwai sinadarin jan ƙarfe a ciki, yana kashe kifi. Omo da sabulu da bilic ma haka, ko bokitin da aka yi wanki da shi ba na yarda a ɗebi ruwan tafki da shi. Na ware bokiti biyu da baho ɗaya na rubuta musu Kifi da jan fentin nan. A cikin bahon nake ajiye zoben roba na murfi guda biyu, da robar gizo-gizo ɗaya, da yatsu biyu, da agogo sabo a kwalinsa, domin ranar da robar nan ta yage sai da na jira kwana tara kafin a kawo mini wata daga Kano, ina canza ruwa da bokiti safe da yamma.